Rasuwar Komau, Tef ɗin Arzika Mai Walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa ɗan guntun laifi a wani lungu nata ba, Malam Arzika mai walda, na bakin hanyar Magama a nan Jibiya, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na wannan ƙetare da na wancan, rasuwar tef ɗinsa na awo, wanda aka fi sani da Komau. Ya rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi, a kan bencin aiki, bayan shekara goma sha tara a hannun mai shi. Laifin kuwa gara a faɗe shi tun yanzu kafin maƙwabta su riga faɗa: a duk tsawon shekarun nan Arzika bai taɓa ɗiga wa marigayin ko ɗigon mai ba. Babur yana samu, injin yankan ƙarfe yana samu, har kwaɗon shago ana tunawa da shi duk damina. Komau kaɗai aka manta, saboda shi bai taɓa yin ƙara ba.

Arzika ne da kansa ke rubuta wannan sanarwa, yau Juma'a, zaune a kan tulin ƙarfen da ya kasa yankawa. Yana kiran kansa da suna ne domin akwai wuraren da in ya ce "ni" alƙalamin zai tsaya.

Ga waɗanda ba 'yan layin masu walda ba ne, sunan marigayin yana bukatar bayani. Mutanen nan suna ce wa irinsa tef, mutanen Maraɗi su ce metir. Amma a layinmu akwai kalma ɗaya da ake kiran duk wani abu da za a ja ya biyo, a sake shi ya koma gidansa da kansa ba sai an raka shi ba. Ana ce masa komau. Igiyar tayar da janareto komau ce. Jak ɗin babur da ke ɗagewa da zarar an ture shi komau ne. Robar taya da ake ɗaura wa ƙofar shago don ta riƙa rufe kanta, ita ma ana sa ta a dangi, ko da yake a can ƙasa. Guga ba komau ba ne, domin kai ne mai jawo shi da gumin goshinka. An taɓa shafe yini guda ana gardama a kan wando mai roba. Abdulbaƙi mai gyaran rediyo ya dage cewa ya cika sharaɗi, amma majalisa ta yanke cewa a'a, tunda ba shi da gidan da yake komawa. Sau ɗaya aka taɓa laƙaba wa mutum sunan, wato Yusha'u direba, mai zuwa Maraɗi ya dawo, aka kuma karɓe sunan a makon da ya tafi kwana biyu ya yi kwana tara. Ƙarfen da ke naɗe a cikin tef yana yin wannan aikin komawa, mu sifirin muke ce masa, su can Maraɗi rasor. To, komau dai suna da yawa a layin. Amma in aka ce Komau kawai ba a ƙara komai ba, kowa ya san wanda ake nufi.

Ba a san ƙasar da aka haifi marigayin ba, domin rubutun bayansa ya goge tun kafin ya zo hannu. Arzika ya same shi a kasuwar Maraɗi wurin wani tsoho mai shimfiɗa kayan aiki a ƙasa. Gidansa na ƙarfe ne, ba roba irin ta 'yan yanzu ba. Jikinsa rawaya, tsawonsa mita biyar, gefe ɗaya inci, ɗaya gefen santimita. Wato tun yana jariri yake jin harshen ƙasa biyu, abin da mai shi bai iya ba har yau.

Waɗanda suka zauna da shi za su shaida halinsa. In an ja shi, zirrr, ya fito a miƙe, ba ya lanƙwasa sai ya wuce mita biyu. In an sake shi, fiiit, ƙwas! Ya shige. Wannan ƙwas ɗin ita ce sallamar kowane aiki a shagon Arzika. Mai shayin da ke tsallaken titi yakan ce da ita yake sanin lokacin da zai zuba wa Arzika nasa. Sau uku kacal aka taɓa aron marigayin, kuma sau ukun Arzika ya bi shi ya tsaya a kansa har aka gama. Duk wata ƙofar ƙarfe tsakanin Jibiya da Bugaje da Gangara wadda ke rufuwa ba sai an sa mata kafaɗa ba, a tambaya, Komau ne ya auna ta.

Yadda suke aiki su biyun kuwa haka ne. Arzika zai je gidan da ake son ƙofa, ya maƙala ƙugiyar Komau a bango, ya ja, ya yi alama da alli a jikin tef ɗin kansa. In ya dawo shago sai ya kwantar da shi a kan ƙarfe, ya yanka a inda allin yake. Bai taɓa rubuta lamba a takarda ba, bai kuma taɓa riƙe ta a ka ba. Lambar tana wurin Komau, shi kuma Komau yana aljihu. A lokacin Arzika yana kiran wannan ƙwarewa. Yau yana neman wani sunan.

Marigayin ya sha jinya sau uku a rayuwarsa, duka a ka. Ta farko ƙugiyarsa ce ta cire, Arzika ya datse ɗan bakin da ya tsage ya mayar da ita da ƙananan ƙusoshi biyu. Ta biyu tartsatsin walda ne ya ci shi kusa da wuya, aka sake datsewa. Ta uku, shekara huɗu da suka wuce, ƙofar bayan motar Yusha'u ce ta danne shi, aka yi masa aiki na uku. Kowane karo abin da aka cire kaɗan ne, ɗan abin da bai kai a ambata ba. Arzika bai auna ba, domin da me zai auna? Mai awon ne ke kwance. Lambobin da ke taƙi guda na farko kuwa babban yatsan Arzika da hayaƙin walda sun daɗe da cinye su, wurin ya yi sumul kamar goshin tsoho. Bayan kowace jinya Komau yakan tashi ya koma aiki ranar, ƙofofin Jibiya kuma suka ci gaba da zama daram. Wannan kaɗai ya isa shaida.

Amma babbar shaidar tana can ƙetare, a Nijar. Shekara bakwai da suka wuce Mufida, 'yar Arzika ta biyu, ta auri Maharazu, magini, mutumin wajen Ɗan Isa. Yaron kirki ne, mai kunya har ta yi yawa. In ya zo gaisuwa tun daga bakin titi yake cire takalmi, ya durƙusa can nesa inda sai an kasa kunne ake jin sa, ya tambayi lafiya da gajiya da sanyi da zafi, daga nan ya zuba wa ƙasa ido har a sallame shi. Arzika shi ma sai ya zuba wa rufin kwano ido. Duk maganar da suka yi a shekara bakwai, in aka cire gaisuwa, ba za ta cika rabin shafin nan ba. Duk da haka Maharazu ya riƙa kawo wa surukinsa aiki. Da farko Arzika ne ke hawa babur ya ƙetara da Komau ya auno da kansa. Da aka rufe boda, ƙofofi dai sun ci gaba da samun hanya, amma gwiwar Arzika da tumbinsa ba su dace da waɗannan hanyoyi ba. Sai aka koma Maharazu ya auna can da nasa metir ɗin, ya rubuto lambobi a 'yar takarda, Yusha'u ya kawo. Arzika ya duba gefen santimita na Komau, ya yanka. Aka buɗe boda, aka sake rufewa, aka sake buɗewa, tsarin bai canza ba. Shekara shida, ƙofa da taga sun fi ɗari, ko ɗaya ba ta taɓa dawowa ba. Saƙon kullum iri ɗaya ne: "A gaida Baba da kyau, ƙofa ta zauna."

Abu ɗaya ne Arzika ya lura da shi game da ginin mutanen Nijar, lambobinsu ba sa tsayawa a inda na mutane ke tsayawa. Inda ɗan nan zai ce casa'in, takardar Maharazu sai ta ce casa'in da huɗu. 'Yan shekarun nan ma suka bar huɗu suka koma bakwai: casa'in da bakwai, ɗari da bakwai, ɗari biyu da bakwai. Arzika ya gane cewa tsarin Faransa ne, har ya taɓa yi wa majalisa bayani a kai, aka yi ta jinjina kai.

Ciwon ajali ya fara ne da bazarar bana. Ƙwas ɗin ta fara yin laushi. Daga nan ya zama in an sake shi sai ya yi rabin hanya ya tsaya yana tunani, sai an ɗan girgiza shi. Daga baya har sai an tura shi da hannu, taƙi taƙi, kamar ana shigar da tsoho mota. Arzika ya ga duk wannan. Kwalbar mai tana nan a kan taga, nisan hannu ɗaya. Kullum yakan ce gobe.

Ranar Talatar, ya jawo shi mita biyu a kan faifan ƙarfe, ya juya zai ɗauki alli. Sai marigayin, wanda ya yi wata uku bai koma da kansa ba, ya tattara duk ƙarfin ƙuruciyarsa ya zabura. Fiiit! Amma maimakon ƙwas, sai aka ji ƙaras. Ƙugiyar ta bugi bakin gidan ta lanƙwashe ta bi shi ciki, jikin duka ya shige har ba a ganin ko bakinsa. Arzika ya girgiza shi, ya ji wani abu yana kaɗawa a ciki kamar tsakuwa a gwangwani.

Abdulbaƙi ya taso daga shagonsa da sukudireba a bayan kunne, ya karɓa, ya kara a kunne, ya mayar.

"Kada ka buɗe shi, Arzika."

"In bar shi haka?"

"Ka bari in gama da rediyon ga, mu buɗe shi cikin buhu a hankali. Wanga abu in ka sake shi a fili ba ka ƙara tara shi."

"Ni da na yi mishi aiki sau ukku, kai za ka koya mani?"

"To, likita. Allah ba da sa'a."

Arzika ya buɗe shi a fili, a bakin shago, yana fuskantar titi. Abin da ya faru bai kai ƙiftawar ido ba. Sifirin ya yi tsalle ya shaƙe masa wuyan hannu, jikin tef ɗin da tsatsa ta riga ta ci ta ciki ya warware ya kakkarye gida tara. Takwas sun faɗi cikin shago. Na taran, wato kan, mai ɗauke da ƙugiya da taƙin nan da ba lamba, ya tashi sama ya sauka tsakiyar kwalta daidai lokacin da motocin albasa uku ke wucewa a jere. Da suka wuce babu shi babu alamarsa. Abdulbaƙi ya koma ya ƙara wa rediyon murya, wanda ya fi magana ciwo.

Da a ce mutuwar ta zo a wani mako, da Arzika ya yi baƙin cikinsa a natse. Amma ta zo ne da takardar Maharazu a aljihu. Mutanen wani ƙauye can bayan Ɗan Isa sun yi gayya sun gina ɗakin haihuwa, don matansu su daina haihuwa a kan amalanke a hanyar asibiti. Maharazu ne ya yi ginin. Da aka zo maganar ƙofofi, dattawan suka ce ga mai walda a Maraɗi kusa, shi kuma ya tashi a gaban kowa ya ce a'a, surukinsa na Jibiya ƙofarsa ba ta taɓa kuskure ba. Ƙofa uku, taga biyar. Ƙarfen yana nan, an sayo shi daidai aikin, babu rarar ko taƙi ɗaya. Dattawan sun ce motar ranar Lahadi mai zuwa ita ce ta ƙarshe. In ba ta kawo kaya ba, mutumin Maraɗi zai yi.

Arzika ya share ido ya sayi sabon tef, wani mai gidan roba ja da ke ƙyalli kamar alewa. Takarda ta ce faɗi casa'in da bakwai, tsawo ɗari biyu da bakwai. Ya auna sau uku, ya yanka, ya haɗa ƙofa ɗaya, ya ba Yusha'u ranar Lahadin da ta wuce don a gwada. Jiya Alhamis da azahar motar Yusha'u ta tsaya a bakin shago, ƙofar tana ɗaure a sama kamar gawa, duk layin yana kallo.

"Mi ya faru?"

"Ba ta shiga ba, Malam."

"Kamar ya ba ta shiga ba?"

"Kamar yadda raƙumi ba ya shiga akurki. Mutum shidda suka kama ta, aka juya ta, aka kwantar, aka tayar. Wani tsoho ya ce a yi bisimilla a sake, aka sake. Ta ƙiya."

"Maharazu fa?"

"Ba ya nan, ya tafi Dakoro wani aiki, sai Juma'a. Dattawa suka ce in maido maka abinka."

"Da nawa ta yi yawa?"

Yusha'u ya ware babban yatsa da manuni. "Kamar haka."

"Tsaya in auna."

Kafin Arzika ya jawo tef, Yusha'u ya sosa kunne da hannun. Da ya sake warewa tazarar ta ninka. Da aka kirawo shi daga wurin mai shayi a karo na uku, ta koma rabi. "Kai, Malam, ni direba ne. Ta yi yawa dai. Sama ma ta yi yawa."

Arzika ya tabbata sabon tef ɗin maƙaryaci ne. Ya je ya sayo na biyu a wani shagon. Ya aro na kafinta, ya aro na tela. Ya shimfiɗa su huɗu a jere a kan benci, sai ga su duk bakinsu ɗaya, ba su saɓa da ko gashi ba. A nan ne ya gane girman abin: duk tef ɗin da ake yi a zamanin nan a kan ƙarya ɗaya aka haɗa su. Ya jera guntayen marigayin takwas a gefensu, tsakanin lamba da lamba daidai suke da na sababbin. Wato duk gaskiyar Komau tana cikin kan nan da motar albasa ta tafi da shi.

Abdulbaƙi ya leƙo ya ce, "Arzika, ba don in ɓata maka rai ba. Huɗu sun ce abu ɗaya. Ko dai naka ne..."

Ba a bar shi ya ƙarasa ba. Ba a zagin mamaci a gidan makoki.

Yanzu ga inda Arzika yake. Ƙofar da ta dawo ana iya rage ta, amma da nawa? In ya rage kaɗan ta sake dawowa. In ya rage da yawa, ƙarfen da aka yanke ba ya tsirowa, ya zama an kai wa matan ƙauye ƙofar da akuya za ta bi ta gefenta. Sauran bakwai ɗin ko taɓa su bai yi ba. Ya ɗauki injin yanka sau biyar tun jiya, sau biyar ya ajiye. Ya je can da kansa ya auno? Zuwa da dawowa sun cinye yini, aikin kuma yini ɗaya da rabi yake so ko da ba a ɗaga kai ba. Ban da haka, suruki ya sauka a ginin mijin 'yarsa da tef a hannu yana bin bango, a gaban dattawan da yaron ya yi wa alkawari, wannan ai ya tsaya a kasuwa ne ya ce yaron bai iya awo ba.

Salmatu, matarsa, ta kawo masa fura shago da safiyar nan ta tarar ta jiya tana nan ba a taɓa ba.

"Malam, ka kira yaron nan mana."

"In ce mishi mi?"

"Ka ce ƙofa ba ta shiga ba."

"In na ce haka, ko dai ina nufin shi bai iya awo ba, ko ina nufin ni hannuna ya mutu. Wanne kike so in zaɓa?"

"To ni bari in gaya wa Mufida."

"Kul! In ji kin gaya mata."

"Shekara talatin ina zaune da kai, ban taɓa ganin ka ƙi fura ba ko ranar da aka sace babur. A kan guntun ƙarfe!"

"Ba guntun ƙarfe ba ne."

"Gida tara ne, na gani."

Ta ɗauki kwanon jiya ta tafi. Gaskiyar magana, Arzika ya danna lambar Maharazu sau biyu, ya kashe kafin ta shiga. Yana iya ganin yaron can Dakoro yana durƙusawa da waya a kunne, yana cewa "Na'am Baba, laifina ne Baba," ko da bai san laifin me ba. Daga nan a yi sallama, ba wanda ya ƙaru.

Saboda haka ake roƙon jama'a, don girman Allah. Duk wanda ya ga guntun ƙarfe mai ɗan sauran rawaya, tsawonsa kamar taƙi guda, da ƙugiya a lanƙwashe da ƙusoshi biyu a wuya, ko a kwalta, ko a kwata, ko maƙale a tayar mota tsakanin nan da Magama, ya kawo shi shagon Arzika kafin la'asar ɗin yau. Masu sayen tsohon ƙarfe su duba buhunansu. Direbobin albasa uku da suka wuce ranar Talatar makon jiya da hantsi, ba a zargin kowa, a duba tayoyi kawai. Arzika da kansa ya bi titin a sunkuye tun daga shago har shingen farko, har wani jami'i ya tambaye shi ko kuɗi ya yar. Ya tsinci ƙusa goma sha ɗaya da cokali.

Marigayin ya rasu ya bar mai shi, Arzika, ɗan shekara hamsin da huɗu, wanda sai yanzu ya gano bai san faɗin ƙofar shagonsa ba. Ya bar 'yan'uwa a cikin dangin komau: igiyar janareto, wadda ita ma sai an lallashe ta take komawa, jak ɗin babur, da robar ƙofa, wadda ta fi kowa lafiya don ba ta da abin da zai yi tsatsa. Ya bar guduma da alli, abokan aikinsa. Ya bar kwalbar mai a kan taga, cike. Ya bar ƙofofi da tagogi a ƙasa biyu, dukansu a tsaye. Ya kuma bar magada huɗu a kan benci, biyu na saye biyu na aro, waɗanda ba a yarda da ko ɗayansu ba.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da hantsi a bayan shago, gindin bishiyar bedi, inda ake zubar da tokar walda. Ba za a yi salla ba. An tuntuɓi liman, ya dubi Arzika, sannan ya tambaye shi ko yana samun barci. Za a sa guntayen takwas da sifirin da gidan a cikin gwangwanin madara. Abdulbaƙi zai riƙe gwangwanin, in ya yi alkawarin ba zai yi magana ba. Za a ɗiga wa marigayin mai kafin a rufe. Ba a bukatar kowa ya kawo komai, kuma duk wanda ya zo da tef a aljihu ya bar shi a bakin titi. Zaman makoki a shago ne, tunda dai ba aikin da ake yi.

Har an kai nan a rubutu, ana shirin sa hannu, sai Salmatu ta dawo da wayarta a tafin hannu, ta ajiye a kan benci tsakanin tef huɗun, ta danna, ta ja da baya. Ashe ko gida ba ta kai ba ta yi abin da aka hana ta. Muryar Mufida ce, da kukan yaro a bayanta.

"Baba, ina wuni. Ya haƙuri kuma. Inna ta gaya mani. Baba, shi ne ya dawo yanzu, ga shi nan tsaye bakin ƙofa, ya ce shi ba ya iya faɗi, sai dai ni in faɗa. Kai, tsaya mana, ina za ka? Baba, ya gudu waje. Ya ce don Allah ka yafe mishi. Wai tun ƙofar farko da ya aiko da takarda, shekarar da aka rufe boda, da ta zo ta gaza da huɗu, sama da gefe. Sai ya cike da siminti bai gaya wa kowa ba. Ta biyu ma haka. Shi ne ya gane metir ɗinka ne bai cika ba, ya riƙa ƙara huɗu a duk abin da ya rubuto maka. Bayan shekara biyu ya ga sun sake gazawa da ukku, ya koma ƙara bakwai. Na ce mishi tun tuni ya faɗa maka, ya ce shi ya dubi idon Baba ya ce mishi metir ɗinka ya gaza? Gara ya bar gini. Bai san metir ɗin ya mutu ba, da ya aiko da na gaskiya. Ya ce ka cire bakwai a kowace lamba, ƙofa casa'in ce da ɗari biyu. Baba, Inna ta ce ba ka shan fura. Ka sha."

Salmatu ta ɗauki wayarta. "In sake sa maka?"

Arzika ya ce a'a, ya ji. Abdulbaƙi, wanda ya ji komai ta bango, ya rage muryar rediyo, ya ƙara, ya sake ragewa, bai dai fito ba. Allah ya saka masa.

Za a fara yanka yanzu, da jan tef ɗin mai kama da alewa. In wuta ba ta ba da kunya ba, kaya za su hau motar Yusha'u ranar Lahadi. An janye roƙon da aka yi wa direbobin albasa. Jana'iza tana nan gobe kamar yadda aka tsara, sai dai a gajarce. A jikin gwangwanin Arzika ya riga ya rubuta tun jiya cewa marigayin bai taɓa ƙarya ba, kuma da fentin mai ya rubuta, ba ya gogewa.

Komau ya gaza da santimita bakwai.